Yaran Bulumkutu Da Ke Kurmi Su San Tarihin Gidansu

Idan aka ambaci Bulumkutu a Agege ko Sabon Badun, abin da ya kan faɗo wa dattawa a rai shi ne tarzomar almajiran Maitatsine ta watan Oktoba na 1982. Idan kuwa aka ambaci Maiduguri, yaro ya kan tuna da Boko Haram, ko ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba na 2024. Watau yaron da aka haifa a Kurmi, uban kuwa mutumin Barno ne, bai san ƙasar kakanninsa da kome ba sai tashin hankali da ruwa. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce, laifin kuma ba na yaron ba ne.

Ƙasar Barno ba jiya ta fara ba. Mai Ali Gaji ya gina Birnin Gazargamu tun ƙarni na 15. Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814, Rabe ya rushe ta a 1893, ya mai da hedkwatarsa Dikwa, inda ganuwarsa ta zama abin tarihi na ƙasa. Yerwa kanta a 1907 aka kafa ta. A 1987 wani Bafillatani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, wadda a lokacin tana cikin Jihar Barno, ya tono kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya. Masanan Jami'ar Maiduguri da na Frankfurt ta Jamus suka bincika, suka ga ya kai shekara 8,000, babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya girme shi. An kai shi Damaturu, titin da ya ratsa Bulumkutu kuwa can ya nufa. To, mutum nawa cikin masu bin titin nan da Salla suka taɓa gaya wa 'ya'yansu wannan labari?

Akwai gidan kayan tarihi na Gwamnatin Tarayya a Maiduguri, ga fadar Shehu a Dandal. Amma magidanci ya kan zo daga Ikko ya yi mako biyu a gida, ya zaga dangi, ya sha ɗaurin aure, ya koma bai leƙa ko ɗaya ba. Su ma yaran sai su koma da labarin zafin rana da tsire kawai.

Mutanen Arewa suna son finafinan Indiya, amma akwai abin koyi a Indiya wanda ya fi rawa da waƙa. A birnin Haidarabad wani basarake Musulmi, Mir Yusuf Ali Khan, wanda ake kira Salar Jung na Uku, ya ƙare rayuwarsa yana tara littattafan hannu, da Alƙur'anai, da takubba, da agogo, da zane-zane. Ya rasu a 1949, aka buɗe wa jama'a kayan nan a 1951. Gidan ya zama wurin da iyaye da malaman makaranta ke kai yara, baƙi kuma suna zuwa daga ƙasashe, masu masauki da direbobi da 'yan tireda suna samun abinci. Dukiyar mutum ɗaya ke nan ta zama makarantar gari.

Wasu za su ce ai gidan tarihi gidan gumaka ne. Lalle a kan ajiye sassaƙe a wasu ɗakuna, amma ajiyewa don sani daban, bauta daban. Sulke da lifidi da tambari da allon almajiri da Alƙur'anin da malaman Barno suka rubuta da hannu, wanda aka san kyawun rubutunsa har ƙasashen Larabawa, ba gumaka ba ne. Addini ma ya kwaɗaitar da duba ƙarshen mutanen da suka shuɗe don ɗaukar darasi. Wasu kuma za su ce mai neman tuwon dare ina shi ina kallon tsohon takobi. Gaskiya ne abinci ne farko. Amma kuɗin shiga irin gidajen nan bai kai abin da a kan kashe wajen liƙi a biki guda ba, yaron da bai san asalinsa ba kuwa duk wanda ya fara ba shi labari shi zai ja shi. Bulumkutu ta ga sakamakon haka a 1982.

Wanda bai sami zuwa gida ba, shi ma ba shi da hujja. Gidan tarihi na Onikan a Ikko tun 1957 aka buɗe shi, a can aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976. Ɗan Arewa ya kan yi shekara ashirin a Idi-Araba bai je ya gan ta ba. Ya kamata sarakunan Hausawa na zango-zango, da ƙungiyoyin 'yan asalin Barno, da malaman Islamiyya su riƙa ɗaukar mota ko sau ɗaya a shekara su kai yara.

Ita ma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da sauran aiki a kanta. A rubuta bayanin kowane abu da Barbarci da Hausa, da boko da ajami, don turanci kaɗai ba zai jawo mutumin Bulumkutu ba. A ɗauki darasin ruwan 1994 da na 2024, a ɗaga takardu da tufafi inda ambaliya ba za ta kai ba. Gidajen da suka gaji takobi ko littafi kuma kada su sayar wa dillali don 'yan kuɗi kaɗan, su bari a ɗauki hoto a rubuta sunan gidan.

Salla mai zuwa, duk magidancin da Allah ya kai gida ya ware wa 'ya'yansa yini guda. Ya kai su Dandal, ya kai su gidan tarihi, ya zaunar da su gaban kakarsu ta ba su labarin Kukawa tun tana da rai. Allah ya kai matafiya lafiya, ya zaunar da Barno lafiya, amin.