Rawar Hannun Tsofaffi Ba Sammu Ba Ce

Ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku a kan wani al'amari da ya auku a gidanmu, wanda na tabbata yana aukuwa a waɗansu gidaje na birnin Katsina, sai dai ba a faɗi.

Kakana, wanda muke kira Alhaji, ya yi shekara da shekaru yana sayar da yadi a kasuwa. Shi bai san alƙalami ba wajen ciniki, da ka yake lissafinsa, ko da mutum uku ne suka taru a kansa. To, shekara uku da suka wuce sai hannunsa na dama ya soma rawa in yana zaune, babban yatsa yana goga manuni kamar mai jan carbi, har baƙi kan zaci tasbihi yake yi. Daga nan tafiyarsa ta koma 'yan gajerun taku, in ya zo ƙofar zaure sai ya kafe kamar an ɗaure masa ƙafa.

Wata rana a hutun ƙarshen shekara na zo masa da lissafi, yadi biyar a kan naira dubu uku da ɗari biyar kowane ɗaya. Ya soma, ya kai tsakiya, sai ya ce, "Yadi nawa ka ce?" Sau uku yana tambaya. Ni kuwa, da yake akwai wasa tsakanin jika da kaka, sai na fashe da dariya na ce, "Alhaji, kai dai ka ƙare!" Da can shi ba a kayar da shi a wasa, amma ran nan bai tanka ba, ya zuba mini ido kawai. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

A gida aka rabu biyu. Waɗansu suka ce abokan kasuwa ne suka yi masa sammu, aka shiga sayen turare da hayaƙi kusan shekara guda. Waɗansu kuma suka ce da gangan yake yi, gama mutumin da yake karanta izu biyu da asuba ba gyara, yaya zai manta da yadi biyar? Wannan tambaya ita ce ta fi damuna, kuma sai da kawuna ya kai shi asibiti muka sami amsarta.

Likita ya ce ciwon Parkinson ne. Sunan wani likitan Landan ne, James Parkinson, wanda ya fara bayyana ciwon a rubuce a 1817. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan baƙin wuri inda ake yin sinadarin da ake kira dofamin, shi ne yake sa motsin jiki ya tafi sumul. A wannan ciwo ƙwayoyin wurin suna mutuwa sannu a hankali, shi ya sa jiki yake sanƙarewa, fuska ma ta daina nuna fara'a ko fushi. Ashe kallon da Alhaji ya yi mini ran nan ba rashin ji ba ne, fuskar ce ta ƙi motsi.

Batun mantuwa kuwa, malaminmu na ilimin halittu ne ya warware mini shi da misalin allo. Ya ce tunawa iri biyu ce. Akwai hadda, wadda ta zauna daram tun yarinta. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin allo a ka, inda mutum yake rubuta abin da yake aiki da shi yanzu-yanzu, kamar lambar waya kafin a buga, ko abin da aka riƙe a lissafin tarawa, in an gama a wanke. Waɗansu masana biyu na Ingila, Baddeley da Hitch, su suka yi bayaninsa a 1974. Allon nan ƙarami ne ko ga mai lafiya. A 1956 wani Ba'amurke, George Miller, ya ce abu bakwai yake ɗauka, ko sama ko ƙasa kaɗan, masana na baya kuma suka ce bai fi kamar huɗu ba. Kowane ɗalibi ya san haka, in malam ya yi shifta da sauri.

Aikin allon nan yana gudana ne tsakanin gaban ƙwaƙwalwa, wato bayan goshi, da waɗansu sassa na can ciki, kuma hanyar da ta haɗa su tana bukatar dofamin. Da aka sa masu wannan ciwo cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna aikin riƙe abubuwa a ka, an ga waɗannan wurare ba sa aiki yadda ya kamata a wajen waɗanda tunaninsu ya taɓu. Saboda haka haddar Alhaji tana nan, allon ne ya ƙanƙance. Har ma tafiya, wadda da can jikinsa yake yi ba da saninsa ba, yanzu sai ya sa mata hankali, to in aka yi masa magana yana cikin taku, sai ɗaya ya tsaya.

Ra'ayina shi ne, mun yi masa laifi biyu, jinkirin kai shi asibiti da kuma yadda muke yi masa magana. Ban ce a bar addu'a ba, Allah ya kiyaye, ai addu'a da neman magani tare suke tafiya. Amma ina amfanin zargin maƙwabcin rumfa a kan ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan takwas da rabi suna da shi a 2019? Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali an gano yana da shi a 1984, duniya kuma ta ga hannunsa yana rawa sa'ad da ya kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta a 1996. A Nijeriya ma ana bincike, domin a 2023 Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta sun gano wani bambanci a ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin ciwon ga mutanen Afirka.

Wani zai ce, tun da ba ya warkewa, me ya sa za a ɓata kuɗi? Gaskiya ne ba a sami maganin da ke kawar da shi ba, kuma ƙwayar lebodofa, wadda ake ba su tun wajen 1967, tana da tsada ga talaka. Amma tana sassauta jiki ƙwarai, na gani da idona, yanzu Alhaji yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Sai dai kada a saye ta a kemis da ka, gama ba kowace rawar hannu ce wannan ciwo ba, kuma in ta yi yawa tana iya rikita tunani. Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina, ga kuma na Aminu Kano a Kano.

Yanzu a gidanmu gwaggona ta kafa doka. Ba a yi wa Alhaji magana yana tafiya, ba a haɗa masa saƙo biyu, kuma a kashe rediyo tukuna. Lokutan shan magani an rubuta masa da ajami a jikin bango. A hutun da ya wuce na sake kawo masa lissafi, na faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya, na yi shiru. Ya daɗe, amma ya kawo shi daidai, sa'an nan ya ce a gaya wa ɗan boko ya je ya duba da inji.