Port Richmond: Yadda sabon salon jarrabawar insha'in Turanci ke sauya aikin malamai

A watan Mayun kowace shekara, ɗaliban sakandare a Amurka kan zauna jarrabawar AP ta harshen Turanci da insha'i, wadda hukumar College Board ke shiryawa a matakin karatun shekarar farko ta jami'a. Ana ba da maki daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da dama na yafe wa wanda ya samu 3 ko sama da haka wani kwas. A ƙasar da kuɗin jami'a ke karya ƙugun iyaye, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Shi ya sa batun ke da nauyi a Port Richmond, unguwar ma'aikata a arewacin tsibirin Staten Island na birnin New York, inda baƙin haure daga Meziko suka yi yawa, kuma yara da dama Sifaniyanci suke yi a gida. A 2015 magajin garin wancan lokacin, Bill de Blasio, ya ƙaddamar da shirin kai darussan AP makarantun da ba su da su. Shigar da yaro ajin kuwa shi ne mai sauƙin, wahalar tana cikin zauren jarrabawa.

Bayan tambayoyi 45 na zaɓen amsa a cikin awa ɗaya, ɗalibi zai rubuta insha'i uku a awa 2 da minti 15, su ne kashi 55 cikin ɗari na sakamakon. A na farko ana ba shi rubuce-rubuce shida ya kafa hujja da aƙalla uku daga ciki, a na biyu ya feɗe dabarun da wani marubuci ya bi wajen jawo hankalin jama'a, a na uku ya kare ra'ayinsa. Kowane insha'i maki 6 ne, kuma 4 daga ciki na hujja da bayaninta ne.

Wannan rabon makin yana da kyau ga yaron da Turanci ba harshen gidansu ba ne, domin tunani ake aunawa fiye da ƙawata jimla. Sai dai hujja ba ta samuwa ga wanda bai yi karatu mai yawa ba, kuma haddar insha'in wani, wadda masu shirin WAEC a Kano ko Zariya suka san ta sarai, ba ta fisshe shi a nan.

Daga 2025 kuma aka mayar da jarrabawar kan kwamfuta ta manhajar Bluebook, saurin buga rubutu ya shigo cikin lissafi. Yaron da waya kaɗai gare shi a gida ya fara da giɓi. Ga kuma ChatGPT, wanda makarantun gwamnatin New York suka toshe a Janairun 2023, suka janye matakin a watan Mayu. Insha'in da aka kawo daga gida ya daina zama shaidar iyawar ɗalibi, don haka horon da ya rage mai amfani shi ne rubutu a aji, a gaban malami, minti 40 a kan agogo. Matsalar ita ce malamin da ke da azuzuwa biyar, kowane da yara kusan 30, sai ya karanta insha'i 150 duk lokacin da ya ba da irin wannan aiki.