Gashi Ba Nama Ba Ne, Mu Daina Gasa Shi

Daga Nima ta Accra zuwa Briqueterie ta Yawunde, duk jajibirin Sallah ko biki sai 'yan matanmu su cika shagunan gyaran gashi, ana bi musu kai da ƙarfe mai zafi. Kwalliyar nan ba ta biyan kuɗin sabulu.

Zafin ƙarfen miƙar da gashi yakan kai digiri 230, alhali ruwa yana tafasa a 100. Idan aka ɗora shi a kan jiƙaƙƙen gashi, ruwan da ke cikin sili yakan tafasa ya tsattsage shi. Fata takan warke, amma silin da ya ƙone sai almakashi. Sabon tofo kuwa kusan santimita ɗaya ne a wata. Ado na kwana uku, jinya ta shekara!

Iyayenmu da zare suke miƙar da gashi, su shafe shi da man kaɗanya, su yi shuku ko kalaba, ba tare da wuta ba. Me ya sa muke jin kunyar wannan gadon?

In ya zama dole, a bari gashi ya bushe sarai, a rage zafi, kuma kada a mai da abin al'adar kowane mako. Kan yara ƙanana kuwa, a bar wa makitsiya.