Hangen Tsauni Ba Saukarsa Ba Ne

A tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan, kusa da garin Verbier, akwai wani tsauni mai suna Bec des Rosses wanda tsayinsa ya haura mita 3,200. Tun shekarar 1996 ake gasa a kansa, inda 'yan wasa ke gangarowa daga ƙoli a kan allunan zamiya, suna keta dusar ƙanƙara, suna tsallake duwatsu. Turawa na kiran wasan freeride. Ya bambanta da tseren zamiya da aka saba gani a gasar Olamfik ta hunturu, inda ake share hanya a daddale ta, a kafa tutoci, agogo ya yi alƙalanci. A nan wurin tashi da wurin tsayawa kawai ake nuna wa ɗan wasa. Hanyar da ke tsakani, shi zai zaɓa da kansa.

Wasan ya girma. A 2008 aka fara gasar duniya ta Freeride World Tour, a 2022 kuma hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, ta karɓi ragamarta. Gasannin matasa 'yan ƙasa da shekara 18 sun bazu a Turai da Amurka da Kanada, ƙungiyoyin horaswa kuma sun cika da yara. Tambayar da ta dace a yi ita ce, me ya kamata koci ya fara koya wa yaron da zai tura saman tsauni shi kaɗai?

Ra'ayina shi ne, hankali kafin bajinta. Tsarin gasar da kansa ya goyi bayan haka. Alƙalai na duba wahalar hanyar da aka zaɓa, da yadda ɗan wasa ya mallaki jikinsa, da gangarowa ba tare da tsaye-tsaye ba, da ƙwarewa, da kyawun tsalle. Wanda ya yi tsalle mai ban mamaki ya sauka a bayansa, makinsa ya zube. Wanda ya zaɓi hanya daidai ƙarfinsa ya bi ta lafiya yana iya shan gabansa.

A gasannin Turai ba a barin ɗan wasa ya gwada gangaren kafin gasa. Daga ƙasa yake nazarinsa da madubin hangen nesa da hotuna. Idan ya hau sama, komai ya juye: dutsen da ya gani a damansa ya koma hagu, tsallen da ya auna daga nesa ya ɓuya a bayan tudu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Don haka koci nagari kan daɗe tare da ɗalibinsa suna haddace alamomi, suna tsara hanya ta biyu da za a koma idan ta farko ta ƙi. Da zarar yaro ya tashi daga ƙoli, koci ya zama ɗan kallo, abin da ya riga ya zuba a kan yaron ne kawai ke sauka tare da shi.

Sai babban maƙiyi, wato zaftarewar dusar ƙanƙara. Ta fi aukuwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, wanda shi ne irin wurin da masu wannan wasa suka fi so. Ƙasashen Turai na auna haɗarinta da ma'auni mai mataki 5, ana kuma sanar da jama'a kullum a lokacin hunturu. Wanda dusa ta binne, idan aka tono shi cikin kimanin minti 15, yawanci yakan rayu. Bayan nan damar kan ragu da sauri. Shi ya sa ake wajabta wa ɗan wasa hular kwano, da na'urar da ke aika sigina daga ƙarƙashin dusa, da sandar lalube, da shebur. Amma kaya ba sa tono mutum da kansu. Yaron da bai taɓa yin atisayen ceto ba, jakarsa nauyi ce kawai a bayansa.

Ranar gasa ma ta fi aminci, domin masana kan bincika gangaren kafin a fara. Sauran ranakun ne abin tsoro. Estelle Balet, 'yar Suwizalan da ta lashe gasar duniya a 2015 da 2016, zaftarewar dusa ce ta yi ajalinta a watan Afrilun 2016, tana da shekara 21, yayin ɗaukar wani fim, makonni kaɗan bayan ta ɗaga kofi. Tsauni bai san gwani ba.

Akwai masu ganin ya fi a hana yara wasan baki ɗaya. Ina fahimtar fargabarsu, sai dai yaron da ya tashi a gindin tsauni zai hau shi, da koci ko babu koci. Gara ya hau da ilimi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma halin da ya fi wuyar koyo a manyanta shi ne iya cewa yau ba zan sauka ta nan ba.

A nan ne nauyi ya fi yawa a kan koci a wannan zamani. Bidiyon tsalle mai hatsari na yaɗuwa a Instagram, kamfanonin kayan wasa na neman matasan da za su ɗauki nauyinsu, iyayen da suka kashe kuɗi kuma na son ganin kofi. Kowa na tafa wa yaro idan ya yi tsalle. Koci ne kaɗai zai tafa masa ranar da ya leƙa ya ga dusar ba ta yi masa ba, ya juya baya. Iyayen da ke neman mai horas da ɗansu, kafin su ƙirga kofunan da ke ofishinsa, su tambaye shi sau nawa ya soke atisaye saboda yanayin dusa, da kuma yadda yake tarbar ɗalibin da ya fasa tsalle a gaban abokansa.