Wa ke karanta mana littafi a waya, kuma me yake karantawa?

Yau zan ɗan jingine maganar tsadar taki da siyasa, in taɓa wani abu da muke ɗauka wasa alhali ba wasa ba ne.

A yankinmu na Funtua, Bakori, Danja, Kafur har Malumfashi, mutane sun koma karatun littafi, amma da kunne suke yi. Tela yana kan keke waya na gefe tana karanto masa labari. Uwar gida tana tsintar shinkafa tana saurare. Mai gadin gona, direban da ke lodin masara a Dandume, yaran da ke casar waken suya, kowa da abin da ke zuba masa a kunne. Wasu daga YouTube suke saukewa, wasu a WhatsApp ake tura musu, da yawa kuma wurin mai cajin waya suke zuwa a zuba musu a memori.

Ra'ayina a taƙaice: wannan babbar makaranta ce, ba ta neman kujera ko yunifom, amma mun bar ta da darasi guda, soyayya da yaƙin aljanu. Kuma duk wanda ya ga dama shi ne malami a cikinta.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ni ba na cikin masu zagin littattafan yaƙi. Adabinmu na zamani ma da irinsu ya fara. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933 aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, aka buga su a 1934. Me ke cikin Ganɗoki in ba yaƙi da aljanu ba? Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ɗan ƙasar Katsina, shi ma haka. Su Abdulaziz Sani Madakin Gini a kan wannan turba suka ɗora, kuma sun riƙe matasa da yawa ga Hausa a lokacin da fim ɗin Indiya ke neman kwashe su. Wanda ya wuni yana huɗa a rana yana da haƙƙin ya huta da labarin sadauki. Wannan ba laifi ba ne.

Sauraren littafi ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Sa'o'ina za su tuna shirin Shafa Labari Shuni na Rediyon Kaduna, inda ake karanta littafi kashi kashi, gida guda a yi tsit a kewaye akwati. Kafin rediyo akwai tatsuniya, akwai karatun zaure inda malam ke jan baƙi yana fassarawa. Turawa ma da suka fara naɗar littafi a faifai a shekarun 1930, don makafi suka yi. A Ingila an fara a 1935, musamman saboda sojojin da suka rasa idanu a yaƙin duniya na farko. Yau abin ya zama kasuwa mai zaman kanta, har kamfanin Amazon ya sayi Audible a 2008. Can kuma ba labarin matsafa kaɗai ake karantawa ba, har da tarihi da kimiyya, kuma mutum kan sayi littafi don kawai ya ga sunan mai karantawa.

To mu ina namu?

Abin haushin shi ne ba rashin littattafan ba ne. Tun kafin samun 'yancin kai East da Imam suka rubuta Ikon Allah, suna bayanin halittu da yadda duniya ke gudana cikin Hausa mai daɗi. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. A tarihi akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, akwai Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, akwai Kano Ta Dabo Ci Gari na Abubakar Dokaji. Ga kuma aikin Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito da Turanci a 1981. Don Allah ku duba memorin da ke cikin wayarku, ku ga ko ɗaya daga cikinsu na ciki.

Yaro ya tashi a Funtua zai lissafo maka sarakunan aljanu bakwai da sunayen takubbansu, amma bai san Maska tsohon gari ba ne da ya yi suna a saƙa tun Funtua ba ta zama Funtua ba. Bai san me ake nufi da Katsina Laka ba, bai taɓa jin Gozaki a matsayin gari mai tarihi ba. Bai san auduga da layin dogon da ya taso daga Zariya ya isa Ƙauran Namoda a 1929 ne suka ɗaga garinsa ba. Wanda bai san tarihinsa ba kuwa, duk ɗan siyasa ko mai wayar da ya fi shi baki shi zai tsara masa wani. Muna ganin yadda ake yanko tarihin jihadi da na zaman Hausawa da Fulani ana jefa wa matasa a gurguje don a hura wuta, a yankin da tuni jini ya riga ya zuba. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu barci.

Haka batun kimiyya. Ba wai sai labarin duniyar wata ba, kimiyyar da ke cikin gonarmu nake nufi. Tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Najeriya a 2016, cikin kunnen masara take ɓuya, shi ya sa feshin da aka yi da tsakar rana bayan ta girma yawanci asarar kuɗi ne. Waken suya yana da wasu ƙwayoyin halitta a saiwarsa da ke jawo sinadarin taki daga iska, kuma juya shi da masara na rage ƙuduji. Masarar da aka zuba a buhu da danshi tana yin fumfuna mai dafin da ke lalata hanta. Duk wannan an san shi a Samaru, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga nan. Cibiyar IAR da NAERLS na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna wannan aiki. Amma manomi da yawa wurin mai sayar da magani a kasuwa yake ɗaukar karatunsa, mutumin da ribarsa ke cikin yawan kwalbar da ya sayar. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda takardar wayar da kai ke ƙarewa: a buga ta da Turanci, a raba a taro, a ƙulle ƙosai da ita.

Wani zai ce ai mutane ba za su saurari kimiyya da tarihi ba, gundura za su yi. Ni ban yarda ba. Mutumin da ke zama awa biyu yana jin tafsiri, ko ya bi waƙar Shata daga farko har ƙarshe, ba shi da matsalar haƙuri. Matsalar tana wurin mai karatu.

Nan ne gizo ke saƙar. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi. Kalmar fari a takarda tana iya zama launi, tana iya zama rashin ruwan sama, tana iya zama farko. Kuka na iya zama na hawaye, na iya zama na miya. Ga marubutan waya sun watsar da ƙugiya, sai ka ga baki a inda ake nufin baƙi, kasa a inda ake nufin ƙasa. Mai karatun kirki shi ke mayar da duk wannan, domin ya bi shafin tun kafin ya kunna naɗi, ya gane abin da ake faɗa. Ya san inda zai ja numfashi, ya san muryar tsohuwa daban da ta sarkin yaƙi ba tare da ya mayar da abin wasan yara ba. Akwai irinsu, maza da mata, wallahi in suna karatu sai ka manta wuta na ƙarewa a waya. Allah ya saka musu.

Amma akwai waɗanda da ji ka san yanzu suka fara ganin shafin. A yi tuntuɓe, a koma baya, a cusa kiɗa ya danne magana, kowane minti biyar a tsaya roƙon a danna wannan a danna wancan. Wasu har gyara wa marubuci labari suke, su ƙara nasu gishirin. Yanzu kuma ga muryar na'ura ta shigo, tana karanta Hausa kamar baƙon da ya haddace kalmomi bai san ma'anarsu ba. A labarin aljanu irin wannan kuskure dariya ne kawai. A littafin tarihi, canza sunan gari ko shekara ƙarya ce da za ta bazu. A bayanin maganin feshi, karanta adadi ba daidai ba na iya ƙone gona ko ya kwantar da mutum a asibiti. Don haka karatun littafi amana ce, ba cika baki da daɗin murya kaɗai ba.

Amanar kuma tana da ɓangare na biyu: haƙƙin marubuci. Mutum ya yi wata da watanni yana rubutu, wani ya karanta a tasharsa ya ci kuɗin talla, ko sunan mai littafin bai ambata ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta hana wannan, kuma tun kafin doka addini ya hana. In marubuci bai ci guminsa ba, wa zai zauna ya yi wahalar binciken tarihi ya rubuta mana?

Akwai masu tsoron cewa sauraro zai kashe karatu. Ina tare da su a abu ɗaya: kunne ba zai maye gurbin allo da biro ba, dole yaro ya iya karatu da kansa. Amma dattijon da ya wuce shekarun aji fa? Matar da aka cire daga makaranta fa? Makaho fa? Mu ce su jira sai sun iya boko kafin su san tarihin garinsu?

Abin da nake ganin ya dace ba ya bukatar biliyoyi. Malaman Hausa, tarihi da noma na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ta Dutsin-Ma da ta Zariya su zaɓi littattafai su tace, a nemi izinin masu su. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ta shigo. A ɗauko waɗannan masu karatun da jama'a suka riga suka saba da muryarsu, a biya su, masani ya saurara kafin a saki. A yanka shi gajere gajere, minti goma sha biyar, mara nauyi, yadda ƙaramar waya za ta ɗauka. Sannan a kai wa masu caji da masu tura waƙa a kasuwannin Funtua, Dandume, Bakori da Malumfashi. Ku tuna 2021, lokacin da aka rufe layin waya a ƙananan hukumomi 13 har da namu saboda tsaro. Intanet ta ɗauke, amma memori bai daina magana ba.

Mu ma 'yan boko da ke yankin nan, masu digiri da waya mai tsada, ba sai mun jira gwamnati ba. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai guda za ta iya ɗaukar nauyin naɗar littafi ɗaya da kuɗin da ba su kai na walimar shekara ba.

A bar wa jama'a sadaukansu da aljanunsu, suna jin daɗinsu. Amma a cikin memorin da ke ɗauke da labarin yaƙi hamsin, a samu guda na Maska, guda na tsutsar masara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya. Amin.