Sinanci Cikin Wata Guda: A Yi Lissafi Kafin A Biya

Tun da ƙasar Sin ta koma ba da biza a watan Maris na 2023, bayan shekara uku da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Ƙonni da Gaya da Magarya suka sake kama hanyar Guangzhou da Yiwu, tare da takwarorinsu na Jibiya da Illela da Maigatari. Da komawar tasu wata talla ta biyo su har cikin wayoyin hannu: wai ka je can Sin ɗin, a ba ka malami naka kai kaɗai, sa'a huɗu zuwa shida kowace rana, mako biyu ko wata guda, ka dawo kana jin Sinanci. Masu saurare sun sha bugo mana waya a gidan rediyo suna tambaya ko abin gaskiya ne, ko kuwa wata sabuwar hanyar cin kuɗin Alhazai ce.

Makarantun dai suna nan, wannan ba ƙarya ba ne. Akwai su a birane kamar Beijing da Shanghai da Kunming da Guilin, yawancinsu na masu zaman kansu ne, an kuma kafa su ne domin manyan da ke da sana'a a hannu, waɗanda ba za su iya barin aiki su zauna jami'a shekara guda ba. Wasu na haɗa wa ɗalibi ɗakin kwana da abinci. Abin da suke koyarwa shi ne Mandarin, wato Sinancin hukuma da makaranta da rediyo. Mutanen Guangzhou na asali suna da nasu harshen, Kantonis, amma cinikin manyan kasuwannin birnin da Mandarin ake yinsa, don masu shagunan daga larduna dabam-dabam suka zo.

Mun san abin da ke tura ɗan kasuwa ga wannan tunani. Duk wanda ya taɓa sauka unguwar Xiaobei ko Sanyuanli ya san cewa daga filin jirgi har zuwa rufe kwantena, a hannun tafinta yake. Tafinta ya yi magana da mai kaya minti biyar, ya juyo ya ba ka jimla ɗaya. Sau da yawa yana karɓar ladansa a wurinka, yana kuma da la'adarsa a wurin mai kaya, an dunƙule ta cikin farashin da aka faɗa maka. Ba mu ce duk tafintoci maciya amana ba ne, akwai ƴaƴanmu ɗalibai da suka riƙe aikin da tsoron Allah. Amma mutumin da ya iya karya farashin buhun wake a Dan Isa da harshe uku, ba zai ji daɗin zama kurma a gaban dukiyarsa ba.

To sai dai a yi lissafi irin na kasuwa. Sa'a huɗu a rana, kwana biyar a mako, mako huɗu: sa'a 80 ke nan. Makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi na bukatar kimanin sa'a 2,200 a aji kafin ya iya aiki da Sinanci sosai. Sa'a 80 ba ta kai kashi 4 cikin 100 na wannan ba. Duk wanda ya ce maka wata guda zai sa ka karanta takardar yarjejeniya da masana'anta, ko ka yi gardama kan kayan da aka canza maka bayan ka biya kafin alƙalami, ya faɗa maka abin da kake son ji ne kawai. Rubutunsu ma wata duniya ce: sai mutum ya san alamomi dubu biyu zuwa uku kafin ya karanta jarida.

Duk da haka ba mu raina sa'a 80 ɗin ba, idan an kashe su inda ya dace. Ɗan kasuwa bukatarsa ƙarama ce amma mai tsada: ƙidaya, awo, launi, inganci, ranar kammala kaya. Ku duba ƙidaya kaɗai. Mu muna tara kuɗi dubu-dubu, ko jaka-jaka kamar yadda muke yi da sefa, su kuwa suna da kalma guda, wan, mai nufin 10,000, kuma da ita suke lissafin manyan kuɗi. Wanda bai saba ba, sifiri ɗaya zai iya zame masa. Idan mai shago ya rubuta rangwame da lamba 8, ba ya nufin ya rage maka kashi 8 ko 80, yana nufin za ka biya kashi 80 cikin 100 na farashin. Ma'auninsu na jin rabin kilo ne. Huɗu, si, da goma, shi, kusan ɗaya suke fita a bakin mutanen kudancin ƙasar, shi ya sa suke haɗawa da alamar yatsu, kuma suna ƙirga har goma da hannu ɗaya. Waɗannan abubuwa ne da malami mai zaune da kai kaɗai zai iya cusa maka cikin mako biyu, ya maimaita maka har su zauna, abin da ajin mutum talatin ba zai yi ba. Ranar da ka fara tsinkayar lambobi cikin hirar tafinta da mai kaya, yanayin cinikin ya sauya ko da ba ka buɗe baki ba.

Akwai kuma wata gaba da Bahaushe ya fi Bature sa'a. Sinanci harshe ne mai karin sauti, iri huɗu gare shi. Kalmar mai, idan murya ta sauka ta sake hawa, saye ke nan. Idan ta faɗo ƙasa kai tsaye, sayarwa. Turawa kan sha wuya a nan. Mu kuwa tun muna goye muke bambanta kukan yaro da itacen kuka da karin murya kawai. Kunnenmu a shirye yake, ko da yake hawa da saukar nasu ba irin namu ba ne.

Inda matsala take, wadda masu talla ba su faɗa, shi ne harshen da za a yi maka bayani da shi. Galibin malaman waɗannan makarantu da Ingilishi suke fassara wa baƙo. Ɗan kasuwar wannan ɓangare na iyaka da ya yi lakwal da Faransanci, ko wanda karatunsa na allo ne da ajami, zai iya biyan kuɗin wata guda ya ƙare da nune-nune. Ana fara koyarwa da pinyin, tsarin rubuta Sinanci da baƙaƙen boko da hukumarsu ta amince da shi a 1958, kuma baƙaƙen ba sa faɗin abin da muka saba: q tana kusa da c ɗinmu, x tana kusa da sh, c kuwa wajen ts ta nufa. Wanda bai iya boko ba, a nan zai tsaya. Saboda haka kafin a tura ko dala, a tambaya a rubuce ko akwai malami mai jin Faransanci ko Larabci, a nemi darasin gwaji ta bidiyo, a kuma gaya musu ƙarara cewa Sinancin kasuwa ake so, ba na yawon buɗe ido ba.

Batun biza ma kada a yi wasa da shi. Ta kasuwanci ita ce M, ta gajeren karatu da bai wuce kwana 180 ba ita ce X2, kuma ba kowace makaranta ce ke da izinin ba da takardar neman ta karatu ba. Wuce wa'adi a Sin tara ce ta kowace rana, wani lokaci har da tsarewa da hana sake shiga. A biya makaranta kai tsaye, a karɓi rasit. Dillalin da ya ce a ba shi kuɗin a hannu shi zai shirya komai, a bar shi da shirinsa. Abinci ba abin damuwa ba ne sosai, shagunan taliyar Musulmin Lanzhou na kusan kowane birni, kuma alamar halal, qingzhen, na cikin kalmomin farko da ya kamata a koya.

Ra'ayinmu shi ne, wanda ke zuwa Sin sau ɗaya cikin shekara biyu ya sayo rabin kwantena, wannan karatu ba nasa ba ne. Kuɗin jirgi da masauki da rufe shago wata guda sun fi la'adar da yake gudu. Wanda ke zuwa sau biyu ko uku a shekara, shi ne abin zai biya. Shi ma kada ya tafi da kai fayau. Ya fara daga gida wata biyu ko uku, ta waya ko wajen ɗaliban da suka dawo daga can, ya riƙe ƙidaya da gaisuwa da pinyin, don kada ya sayi a tsada abin da zai samu a araha. Sa'an nan ya ɗora karatun gab da tafiyar saye, misali kafin babban baje kolin Guangzhou da ake yi tun 1957, a Afrilu da Oktoba, yadda zai fito aji ya faɗa kasuwa da abin da ya koya tun bai huce ba.

Ga manyan Alhazai da Hajiyoyi kuwa, muna ganin ya fi a tura ɗa ko yaron shago amintacce mai boko, ya yi wata uku ko shida, maimakon maigida ya yi mako biyu. Muna kuma kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa na garuruwan iyaka da su zauna kan wannan batu. Matatar mai ta Damagaram tana aiki tun 2011, kuma akwai matasanmu da suka yi karatu a Sin ko suka yi tafinta a kamfanonin Shinuwa suka dawo gida. A ɗauki ɗaya daga cikinsu, a sama masa ɗaki a bakin kasuwa, ya riƙa koyar da matakin farko da Hausa bayan la'asar, kowa ya ba da abin da aka yanka masa a wata.