15 Ga Maris: Ranar Da Muka Bari Ta Sulale

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, kuma al'ummar da ba ta waiwaye takan yi tuntuɓe sau biyu a kan dutse ɗaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata rana guda ta tsakiyar bazara, 15 ga watan Maris, wadda ta sha ganin faɗuwar masu mulki da tashin al'ummomi, har da mu nan Arewa, amma takan zo ta wuce ba mu ko ɗaga kai ba.

Bari mu soma da Rum. A wannan rana, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu 'yan majalisar dattawa ƙarƙashin Burutus da Kasiyus suka yi wa Juliyas Siza taron dangi, suka soke shi har wuri 23. Hujjarsu ita ce ceto jamhuriya daga mulkin mutum ɗaya. Abin da ya biyo baya yaƙin basasa ne, wanda ya ƙare da magajinsa Agustus a kan karaga a shekara ta 27 kafin Miladiyya. A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne makomar sunan mamacin. Wuƙa ta kashe mutumin, sunansa kuwa ya rikiɗe ya zama sarauta: Jamusawa suka ce Kaiza, Larabawa suka ce Ƙaisar, Rashawa suka ce Tsar.

Wani abin al'ajabi, Tsar na ƙarshe, Nikolas na Biyu, ya yi murabus ne ranar 15 ga Maris 1917, bayan yunwa da asarar Yaƙin Duniya na Ɗaya sun tunzura mutanen birnin Fetirograd. Da haka mulkin gidan Romanof, wanda ya faro a 1613, ya zo ƙarshe. A kalandar da Rasha ke bi a lokacin, wadda Siza ɗin ne ya kafa ta, ranar 2 ga Maris ce.

A ƙasar Hangari kuma, ranar 15 ga Maris 1848 matasan birnin Pest suka fito da buƙatu 12 a gaban daular Ostiriya, ta farkonsu 'yancin buga jarida ba tare da tacewa ba. Shekara huɗu kafin nan, a 1844, sun riga sun kawar da Latin sun mai da harshensu harshen mulki. An murƙushe boren a 1849 da taimakon sojojin Rasha. Duk da haka, har gobe ranar hutu ce ta ƙasa a wurinsu.

To, mu fa? Da safiyar 15 ga Maris 1903, wata guda da 'yan kwanaki bayan faɗuwar Kano, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta gwabza da dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Takobi da mashi ba su iya da bindiga mai ruwan harsashi ba. Daga nan jagororin daular suka rabu biyu. Sarkin Musulmi ya zaɓi hijira zuwa gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda zuriyarsu take har yau. Waziri Buhari kuwa ya zaɓi zama tare da jama'ar gari, ya sasanta da Turawa, ya kuma rubuta hujjarsa da Larabci. Wannan muhawara ta tsakanin ƙaura da zama, tsakanin bijirewa da lallaɓa, ta isa a koyar da ita a kowace makarantar Arewa.

Shekara 56 bayan haka, ranar 15 ga Maris 1959, Jihar Arewa ta sami mulkin kai, Gwamna Sa Gawain Bell ya miƙa shugabancin majalisar zartarwa ga Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya fito daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ba a kan gaɓa ɗaya aka faɗo bisa kuskure ba. Mutanen wancan zamani sun san nauyin rana, sun so a karɓo mulki a ranar da aka ƙwace shi. An jinkirta babban hawan daba na Kaduna zuwa watan Mayu, amma kwanan watan bai motsa ba.

Abin tambaya shi ne, me aka karɓo, me kuma aka bari a hannun baƙo? Kafin 1903 da Larabci ake wasiƙun mulki da shari'a, da ajamin Hausa da Fulfulde ake wa'azi da waƙa. Bayan Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano a 1909, boko ya zama tsanin aikin gwamnati, malamin da ya ƙoshi da ilimi ya wayi gari ana lissafa shi cikin marasa karatu. Amma ko a ƙarƙashin Turawa, Hausa ta zauna kafaɗa da kafaɗa da Ingilishi a majalisar dokokin Kaduna. Yau sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya yarda a yi muhawara da Hausa da Ibo da Yarbanci a Majalisar Tarayya idan an yi tanadin da ya dace, sharaɗin da aka gada daga tsarin mulkin 1979, kuma har yanzu ana jiran tanadin. A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira. Darasin tarihi ma sai da ya yi shekara fiye da goma ba ya cikin manhajar ƙananan makarantu.

Wani zai ce tuna ranar shan kaye tonon miki ne, kuma Arewa ba ta 'yan daular Sakkwato kaɗai ba ce. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya: Borno daularta daban, akwai kuma al'ummomin da suka yi ta fafatawa da Sakkwato. Sai dai 15 ga Maris 1959 ta kowa ce, daga Ilori zuwa Maiduguri, daga Makurɗi zuwa Katsina, kuma tarihin da aka faɗa da ɗacinsa ya fi haɗa kai a kan wanda aka binne.

Ba hutu nake nema ba, hutunmu ya ishe mu. Ina kira ga gwamnonin jihohin Arewa 19 da su ware wannan rana don darasi na awa guda a kowace makaranta, cikin harshen da yaro yake ji. Jami'o'inmu, tare da Gidan Arewa na Kaduna da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, su fassara takardun 1903 zuwa Hausa, boko da ajami, a sayar da su da araha. Gidajen rediyo su ba masana fili. Mu kuma 'yan boko, likita da lauya da injiniya, kowa ya zaunar da 'ya'yansa ya gaya masu abin da ya faru a Giginya da Burmi da Kaduna. Idan muka yi shiru, wani zai ba su labarin da nasa harshen, kuma mai ba da labari shi ke zaɓen gwarzo. Allah ya sa mu gane.